Lambar da ke Tafin Hannun Alidu

Babbar motar da za ta kwashe su Lariya zuwa Sakkwato tana tsaye a bakin unguwar Moshi Zango, ana ta ɗaure mata tukwane da katifu. Saura kwana biyu wa'adin korar baƙi daga ƙasar ya cika. Mahaifin Lariya ya yanke magana: in saurayinta Alidu, ɗan ƙasar, ya daina buga cacar lambobi ta loto, a ɗaura aure bayan azahar ta zauna da mijinta, in bai daina ba, ta hau mota.

Alidu ya iso daga garejinsu na unguwar Magazin, rigarsa duk baƙin mai.

"Baba ya ce in tambaye ka da bakina," in ji Lariya. "Ka daina?"

"Haba Lariya, da azumi a bakina zan yi miki ƙarya? Da ma wasa ne."

Har zuciyarta ta fara sanyi. Tana cikin gaya masa ya je ya kira kawunsa, sai ta lura ba ita yake kallo ba. Idonsa na kan motar, leɓunansa na motsi. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi rubutu a tafin hannu, kamar bai san yana yi ba.

"Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Lambar motar ce.

"Ba bugawa zan yi ba," ya ce. "Kyau kawai ta yi mini."

Lariya ta ɗauki ƙunshin kayanta.

"To riƙe ta da kyau. Ita za ta tafi da ni."