Wanzamin da Ya Sa wa Ƙasa Gashi

Mutumina, tunda ka ce daga dawowarka asibiti ba ka da sauran amfani sai cin tuwo, miƙo kunnenka nan. Ni da boko a aji uku muka raba gari, amma wajen kawo misali ko mai digiri sai ya matsa mini a tabarma.

An yi wani wanzami a wani gari na bakin fadama, gwanin da yakan aske jariri ranar suna ya gama bai tashe shi daga barci ba. Tun asuba ake buga masa ƙofa: wannan askin suna, wancan ƙaho, wani cire beli. Sai wata damina zazzaɓi ya kayar da shi, bai miƙe ba sai da aka kai hatsi rumbu. Ya tashi, amma ciwon ya bar masa tsaraba: hannun dama ya kama karkarwa kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka. Ya ce ai ƙarfin hali ne, ya wasa aska, ya zaunar da wani amininsa. Amini ya zo da kunnuwansa cif, da ƙyar ya koma gida da su. Daga ranar ƙofa ta yi shiru. Ba wanda ya zage shi, "sannu" kawai ake jera masa, ita kuwa ta fi aska kaifi. Ya rataye zabirar kayan aikinsa, ya koma zaure yana zama a kan hannun don kada a gani. Tuwo bai yanke ba, 'ya'ya na kawowa. Abin da ke cin ransa shi ne gari ya waye, rana ta faɗi, ba mai nemansa da komai.

Yana da wani taubashi, manomin albasa, mai baki kamar barkono, shi kaɗai ne bai taɓa ce masa sannu ba. Rannan ya leƙo zauren ya ce, "Kai bawana, tashi mu je lambu. Tsuntsaye sun raina mutum-mutumina, ina son mai motsi da kansa." Wanzami ya bi shi don haushi, yana tauna abin da zai rama da shi. Lokacin yafa irin albasa ne. Iri ne baƙi ƙanana, kuma duk fadamar kukansu ɗaya: ko mutum ya gauraya shi da yashi, sai ya zuba cunkus a nan, sanƙo a can. Inda ya yi cunkus ya shaƙe juna, inda ya yi sanƙo ciyawa ta gaje. Ana cikin haka ruwa ya fasa wata kunya. Manomi ya juye irin da ke hannunsa a tafin wanzami, da gangan a na dama, ya ruga da fartanya yana ƙyaƙyata dariya. Wanzami ya dunƙule hannu, hannu ya ce bai san zancen ba. Iri ya fara tsiyaya ta tsakanin yatsu. Ya bi gefen wani fangali da aka gyara don yafi yana neman ko sakaina ce ya juye, hannu na ta kaɗawa, kafin ya kai ƙarshe tafi ya zama wayam. Manomi ya dawo ya ɗora hannu a ka, wasa ya cinye masa iri. Wanzami ya koma zaurensa, ya ƙara danne hannun da cinya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga taubashin, wannan karon ba baki, ya ja shi har lambu. Duk fangalan sun fito yadda suka saba, kamar kan da ɗan koyo ya aske, ban da guda, wanda wanzami ya bi gefensa rannan. Wannan ya fito kore shar, kowane tsiro da wurin shan iskarsa, kamar gashin da ya tofo bayan askin gwani. Wanzami ya durƙusa ya shafa shi da hannun nan da yake ɓoyewa. Ai ba wanda zai gaya masa yadda daidaitaccen kai yake. Washegari shi ya riga manomin zuwa. Ya ɗebi yashi yana gwadawa a kan busasshiyar ƙasa, yana koyon takun da ya dace da karkarwar, da yadda zai saki yatsu, har hannu da ƙafa suka shirya. Labari ya zaga fadama, aka koma buga masa ƙofa da asuba: wannan albasa, wancan tumatir, wani alayyafo, da damina kuma masu riɗi. Kada ka ce hannun ya warke. Har ya tsufa in ya ɗauki ludayin koko, da shi da rigarsa suke rabawa. Amma yana tafe yana kirari: a da shi ke raba kai da gashi, yanzu shi ke sa wa ƙasa gashi. Taubashin kuwa har gobe cewa yake shi ya ƙera shi. Wata ranar kasuwa wani mai tallar magani ya tare shi, ya rantse zai tsayar masa da hannun cak. Wanzami ya yi wuf ya ɓoye shi a bayansa, ba don kunya ba wannan karon, ya ce, "Malam, ka dawo in an gama yafi."

To mutumina, ban ce ka tafi lambu ba, kai da ba ka san albasa ba sai a miya. Cewa na yi ka ɗaga cinya mu ga abin da kake zaune a kai. Ba a banza Bahaushe ya ce, wani hani ga Allah baiwa ne ba.