Kifin da Alhaji Mu'azu Ya Zaɓa

Kifi na uku ya mutu ranar Talata. Ya juya cikinsa sama a ɗan akwatin gilashin da ke kan teburin Alhaji Mu'azu, akwatin da bai fi girman burodi ba.

Alhaji ya kwashe gawar da cokali yana yi wa kansa tsiya. "Kai Mu'azu! Shekara da shekaru kana sa hannu a takardun kiwon kifi a ofis, ashe ko na ado ba ka iya riƙewa ba."

Bakinsa ne ya ja masa. Tun rasuwar Hajiya, babban ɗansa Habibullah ya matsa sai ya bar Gyaɗi-Gyaɗi ya koma wurinsa Abuja, wai tsufa ya zo, ido ya yi rauni. Alhaji ya rantse idonsa garau yake, ya kuma cika baki cewa in ya kasa riƙe kifi da rai har Babbar Sallah, shi da kansa zai haɗa kayansa. Yanzu dama ɗaya ta rage masa, ita ma da ƙyar autarsa Safiyyah ta roƙar masa.

Kifi na farko mai ruwan zinare ne, ya yi wa akwatin girma, ko juyi ba ya iya yi. Na biyu ɗan tarwaɗa ne da maƙwabcinsa Malam Tanko ya ba shi, ya yi tsalle ya faɗo ƙasa. Na uku kuwa Alhaji ya yi ta ɗura masa abinci kamar baƙon da ake son burgewa.

Tsoro yake ji, ko da bai faɗa ba. Gidan nan shi ya gina, lemon tsakar gida Hajiya ta shuka, kuma bai san yadda mutum yake zama Alhaji Mu'azu a garin da ba wanda ya san shi ba.

Safiyyah ta ɗauke shi a adaidaita sahu zuwa shagon Okey, mai sayar da kifin ado a Tarauni. Okey ya fara bayanin irin da ke jure ƙaramin wuri, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙanƙance ido. Duk kifayen rawar kai gare su, ba sa tsayawa a gan su. Sai can bakin ƙofa ya ga wani shuɗi shi kaɗai cikin kumfa, yana kaɗa wutsiya a hankali.

"Wannan. Ka ga natsuwa? Kifi mai tarbiyya ke nan."

"Alhaji, ai wannan..."

Safiyyah ta yi gyaran murya. "Baba ya zaɓa, Okey. Ka zo gida ka saka mana da kanka, har da injin kumfar."

Haka aka yi. Alhaji ya raɗa masa suna Dattijo, kuma suna ya bi jiki. Ba ya yawo, ba ya tsalle, yana tsakiyar ruwa daidai inda mai gida zai gan shi. Ba ya cin abinci a gaban mutane, Alhaji ya ce kunya ce, irin ta mutanen da. In an ɗauke wuta injin ya tsaya, sai ya yi lamo, in an kawo ya ci gaba da harkarsa. Ruwan ne dai yake saurin dagulewa, amma Safiyyah ba ta fashin zuwa duk Juma'a ta canja shi, ba ta kuma yarda kowa ya taya ta.

Kan Alhaji ya fara girma. A majalisar ƙofar masallaci ya zama malamin kifi. "Sirrin a wurin zaɓe yake," in ji shi, "sai mai ido." Malam Tanko, wanda shi ma ba ya gane mutum sai ya yi magana, ya zo ya leƙa ya tabbatar bai taɓa ganin kifi mai lafiya irin wannan ba.

Da yamma, in gida ya yi shiru, Alhaji yakan jawo kujera ya ba Dattijo labarin Hajiya. Kifin bai taɓa katse shi ba.

Ranar Sallah Habibullah ya iso, ko hula bai cire ba ya nufi teburin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi Safiyyah, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya juya ga mahaifinsa, wanda ke tsaye ya ƙanƙame sandarsa kamar mai jiran hukunci.

"Baba, ka ci," ya ce a hankali. "Ka zauna a gidanka. Abu ɗaya nake roƙo, ka bari a cire maka yanar idon nan."

Daɗin nasara ya sa Alhaji ya yarda, har da cewa don dai a huta da surutu ne.

Da aka kwance masa bandeji aka dawo da shi gida, duniya ta yi masa fes. Ya ga lemon Hajiya ganye-ganye, ya ga furfura a kan Malam Tanko. Ya wuce kowa ya nufi teburin da murna, yana so su gaisa da amininsa ido da ido.

Dattijo na nan shuɗi shar, yana kaɗa wutsiya cikin kumfa. Alhaji ya matso da fuskarsa, ya duba da kyau, sannan ya fashe da dariya har hawaye na zuba daga sabon idon.

Daga cikin Dattijo wani siririn zare ya sauka zuwa gindin akwatin ya ɗaure shi a wuri ɗaya, shi kuwa kifin, tun daga kai har wutsiya, roba ne.