Barumen Gonar Kafili

Fartanyar wani ɗan aikin gona ta ce ƙwas, sai ga fasasshen tulu mai zanen inabi. Jiya-jiya ya ga wani manomi a talabijin ya tono ƙauyen Rumawa. Ya watsar da shukar lalo, ya tara maƙwabta, ya kirawo kafilinsa, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, daga unguwar Safa.

"Wallahi Kawu, Rumawa sun zauna a gonarka!"

Kafili ya leƙa ramin, gumi ya keto masa. "Halas, ya isa, rufe! Yalla, maza!"

Ina! Matarsa ta riga ta sauko daga mota. Ta ɗauki gutsure ɗaya, ta yi salati.

"Tulun mahaifiyata ne, wanda ka rantse ɓarayi sun sace!"

Kafin ta ɗago kai, Barumen da ya binne tulun, wato Kafili, ya tsallake shinge, ko takalmi babu.