Telan da Ya Mai da Katin Asibiti Rumbu

Kai da kake cewa za ka adana katin nan naka sai ranar babbar cuta, gyara zama ka ji. An yi wani tela a garinmu, mutumin kirki, shekara talatin ƙafarsa ta dama tana taka keken ɗinki, da ita ya ci da gida, ya sa 'ya'ya makaranta. Da babbar 'yarsa ta sami aiki a birni, sai ta yankar masa katin inshorar lafiya na wani kamfani, ta ce ko kansa ne ya sara ya tafi asibiti, an riga an biya. To, shi ɗan manoma ne, a gidansu ba a buɗe rumbu sai damina ta yi nisa, abinci ya yi wuya. Sai ya ɗauka katin ma haka yake, kowane zuwa ɗiba ne, wata rana a leƙa a ga wayam. Ya naɗe shi a leda, ya tura ƙasan akwati. Ƙishirwa ta addabe shi, fitsari ba kama hannun yaro, ya ce zafin gari ne. Sabon takalmin Sallah ya ɗan cije shi a babban yatsa, ya shafa man kaɗanya ya ce haba, a kan wannan zai fasa rumbun yarinya?

Ashe ciwon suga ne ke cin sa. Wata biyu yatsa ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, har masu kawo ɗinki suka koma tsayawa daga bakin ƙofa saboda wari. Ranar da aka ɗauke shi ranga-ranga, ya warware ledar nan ya miƙa, har da ɗan murmushinsa: "Likita, ga shi, ko ƙwaya ban taɓa ba." Likita ya ce, "Baba, da ma don irin ranar da takalmin ya cije ka aka yi shi." Katin kam bai gaza ba, gado da magani da aiki duk ya ɗauke, amma ƙafar nan ta dama sai da aka yanke ta daga gwiwa. Wallahi har yau in na tuna sai tausayi ya kama ni, don ba rowa ba ce, gumin 'yarsa yake tattali. Keken yana nan a shago, an lulluɓe shi da tsohon zani. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.