Itacen Tuffa na Gida Mai Lamba Sha Huɗu

Gidan burodin da ke bakin tasha ya koma shagon waya. Jirgin fito ya daina rugugi, yanzu da lantarki yake tafiya, sumumu kamar marar gaskiya. Makarantar su Torjus an rufe ta. Shi kansa gidan da aka haifi Torjus a ciki, da jan fenti ya bar shi, ya dawo ya tarar da shi ruwan toka, ga allon dillalai a kafe bakin shinge, ga kwanon kare a ƙofa. Shekara tara yana gararamba a jiragen ruwa, daga Chile har Namibiya, abu ɗaya ne ya jira shi yadda ya bar shi: itacen tuffa na tsakar gida, rassansa sun ranƙwafa da 'ya'ya.

Lahadi ce, ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da aka buɗe gidan ga masu son saye. Takalma sun yi layi a bakin ƙofa. Torjus ya ajiye nasa a ƙarshen layi tare da jakar goyonsa, ya wuce kicin. Ya buɗe kabad zai ɗauki kofi, ya tarar da faranti. Nan ya ga dillaliya tana kokawa da ƙofar ɗakin ƙasa, ta cije mata. Ya sa gwiwa ya ɗan ɗaga ƙofar, ta buɗe.

Ragnhild sunan dillaliyar, kuma ranar ta fara taka gidan, don abokin aikinta mura ta kwantar da shi.

"Kai ɗan gidan ne ke nan?"

"A nan aka haife ni."

"Wayyo ni. Ai an gaya wa mamanka, mai gida ba ya zama ranar da ake nuna gida. Ita ta ji magana, ta ja karenta ta fita. To tunda ka zauna, saurara: kar ka bi kowa, kar ka ba da tarihi, wanda ya tambaye ka nuno masa ni. Ka zama kujera."

"Kujera," in ji Torjus. "To."

Minti goma ya yi yana kujera. An sauke duk hotunan bango, an jera lemo a kwano, gidan ya zama kamar ba a taɓa yin tari a cikinsa ba. Ta taga yana kallon mutum biyu a tsakar gida. Ɗaya wata mata ce mai ciki, Ingunn, wadda ta tsinci tuffa a ƙasa, ta goge a hannun riga, ta gatsa. Ɗayan kuwa Steinar, wanda dillaliya ke wa murmushi fiye da kowa, yana auna fili da taku, yana faɗa wa waya da ƙarfi: a sare itacen, a zuba kwalta, kwalekwale a nan, mota biyu a can.

Torjus ya miƙe.

Da Steinar ya shigo ciki, Torjus ya bi shi har ɗakin ƙasa, ya janye wata kanta, ya nuna masa layin da fenti ya kasa ɓoyewa. Duk Nuwamba, ya ce, ruwa har gwiwa. Ya fito da shi waje ya nuna masa kwanar titi: motar share ƙanƙara ba ta hawowa nan, balle mota mai jan kwalekwale. Sannan ya dafa itacen.

"Saiwarsa ce ke riƙe da ginin nan, maigida. Ka sare shi, shekara biyu kana karin kumallo a karkace."

Biyun farko gaskiya ne. Na ukun a nan take ya ƙirƙiro shi.

Steinar ya nemi takardar da masu sha'awa ke rubuta suna, ya soke nasa, ya zura takalmi ko sallama babu.

Ragnhild ta ja Torjus gefe, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta jawur. "Kujera na ce maka, ba rediyo ba! Ka san abin da ka jawo wa mamanka?"

"Mamana ce ta dasa itacen nan da hannunta, satin da aka haife ni. Ba wanda zai ajiye kwalekwale a kansa."

Ya bar ta tsaye, ya tafi wurin Ingunn. Ya zagaya da ita bayan rumfar itacen wuta, ya ture ganye da ƙafa, bakin magudana ya bayyana. In ta share nan duk Oktoba, ya ce, ko ɗigo ba zai shiga ɗakin ƙasa ba. Rassa kuma a rage su ƙarshen sanyi, ban da wancan mai lanƙwasa, shi ne na lilo. Ingunn ta shafa cikinta, ta dubi reshen, ta koma ciki ta rubuta sunanta, har da ja masa layi.

Ƙarfe biyu layin takalma ya ƙare, saura nasa. Jirgin fito zai tashi biyu da rabi, wani jirgin ruwan kuma yana jiransa a birnin Bergen. Yana durƙushe yana ɗaure igiya, tuffa ɗaya a aljihu, sai ga Haldis mai gidan ta dawo. Karen ya ja tunga ya hau yi masa haushi.

"Haldis, sai haƙuri," in ji Ragnhild. "Ɗanki ya kori mai sayen da muka fi sa wa rai."

Tsohuwar ta ƙura wa saurayin da ke saɓa jaka ido, ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗana? Ni ban taɓa haihuwa ba. Wannan ai ɗan mutumin da ya sayar mini da gidan ne, shekara tara ke nan, wata ɗaya bayan sun binne uwarsa."