Kundin da Aka Bari a Buɗe

Karo na shida ke nan edita yana dawo mata da littafinta na farko. "Malama, matasanki suna magana kamar tsofaffi. Na ba ki kwana uku, in bai gyaru ba mu haƙura."

Hankalinta ya tashi. Tana cikin shara ta ga kundin sirrin 'yarta a buɗe kan gado. Ta kwashe shi kaf ta sa a bakin jarumarta, yarinyar da kullum ke ɓuya a banɗakin makaranta tana kuka.

Edita ya ce, "Yauwa! Yanzu kika yi rubutu."

Da littafin ya fito, 'yar ta karanta, ta ajiye.

"Umma, da gangan na bar shi a buɗe. Na zaci za ki tambaye ni."