Katakon Akwatunan Shayi

Ina yarinya ƙarama muna zaune a wani gidan katako da kwano a bayan unguwar Sharafiyya, a Jidda. Baba ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Wata rana bayan la'asar, a tsakiyar zafin Jidda, ya shigo ɗauke da fasassun akwatunan shayi, ya zube su a tsakar gida.

Ya zauna yana zare ƙusoshi, yana faskara katakon, yana jerawa a ƙarƙashin rumfa. Duk wanda ya tsaga sai ƙamshin ganyen shayi ya tashi.

Na ce, "Baba, wa zai ji ɗumi a wannan zafin?"

Bai ɗago ba ya ce, "Sanyin Jidda gajere ne, ya binti, amma ya san hanyar ƙirjinki."

Sai na tuna tarin da ya kusa kashe ni bara, ranar da aka nemi itace a duk unguwar aka rasa.

Ana cikin haka wata ƙusa ta shige masa tafin hannu. Umma ta fito da gudu tana cewa, "Halas, ya isa haka, Malam, ka bari sai gobe!"

Ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure hannun. "Gobe jirgi zai shigo, ba zan samu zama ba." Ya ci gaba har aka kira magariba.

Tabon bai ɓace ba har Baba ya rasu. Yau ina da jikoki, kuma duk lokacin da na ɗaga hannu bayan salla, da shi nake fara addu'a.